Yaro Ya Ci Jarrabawa, Gurbi Shiru: Ina Ake Bibiya, Wa Ake Tambaya?

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na ilimi. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda ba su kama tashar ba ran nan, da kuma waɗanda suka ji amma suka ce a rubuto musu lambobi da sunayen ofisoshi don kada su shige musu. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tambayar da ta fi yawa a wayoyin da kuka bugo kusan iri ɗaya ce, ko daga wajen Dakoro aka kira ko daga Jibiya. Yaro ya ci jarrabawa, an yi murna, an yi sadaka, ga wata biyu ga wata uku, babu labarin gurbi a jami'a, balle na bursi. Sai uba ya rasa abin yi: ya zauna ya jira, ko ya kai sa kara ya sayar ya ba wani "mai hanya"? To akwai abu na uku, shi ne bibiya a ofishin da ya dace da takarda a hannu, kuma kusan duk kyauta ake yin ta. Sai dai mu mutanen iyaka muna da abubuwa biyu da suke kayar da ƴaƴanmu tun kafin a kai ƙofar ofis, wato layin waya da suna. Za mu zo kansu.

Bari mu fara da Najeriya, don tata hanyar ta fi lauje-lauje.

A can hukumar JAMB ce ke riƙe da ƙofa tun 1978. Jarrabawarta darussa huɗu ce, maki 400. Abin da iyaye da yawa ba su gane ba shi ne, cin JAMB daban, samun gurbi daban. A 2025 an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci na shiga jami'a, 100 kuma na kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin horar da malamai. Wannan fa ƙasan rijiya ne kawai. Kowace jami'a tana da nata makin, kuma a cikin jami'a ɗaya kowane kwas da nasa. Mai 170 yana iya samun wani kwas cikin sauƙi, mai 240 ya rasa likitanci. Bayan haka jami'a tana buɗe nata fom na tantancewa, wasu da ƴar jarrabawa, wasu da duba takardu kawai. Yaron da ya rubuta JAMB ya koma ruga ya bi shanu bai cika wannan fom ba, a wajen jami'ar kamar bai nema ba ne.

Sai sakamakon WAEC ko NECO. Ana son kiredit biyar, ciki har da Turanci, da Lissafi a kwasa-kwasan da ke buƙatarsa, a zama ɗaya ko biyu, wasu jami'o'in ma a kwas irin likitanci zama ɗaya suke so. Yawancin yara suna yin rajistar JAMB kafin wannan sakamakon ya fito. Idan ya fito, dole a je cibiyar kwamfuta da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafin yaron. In ba a ɗora ba, ko yaro ya fi kowa maki jami'a ba za ta iya gabatar da sunansa ba. Cikin waɗanda suka bugo mana, da muka tambaye su "an ɗora sakamako?", da yawa shiru suka yi. Saboda haka kafin ka zargi kowa, duba wannan tukuna.

Tun 2017 duk gurbi yana bi ta wani tsari na intanet da ake kira CAPS. Ga yadda yake tafiya: jami'in ɗaukar ɗalibai na makaranta ya gabatar da sunan yaro, shugaban makaranta ya sa hannu, JAMB ta duba ta tabbatar, sannan a miƙo wa yaro. Matakin ƙarshe yana hannun yaron, shi ne ya ce ya karɓa. In ya shiga shafinsa ya ga an rubuta "Admission in Progress", ana kan aikin sunansa ne, sai ya riƙa leƙawa. In ya ga "Not Admitted", ba a kai kansa ba tukuna, kuma hakan ba ya nufin an rufe, don jerin sunaye kashi-kashi yake fitowa. In kuwa an ba shi, sai ya danna karɓa, ko ya aika kalmar ACCEPT zuwa 55019 ko 66019, sannan ya ciro takardar gurbinsa. Akwai wa'adi na ƴan makonni. Ya wuce bai karɓa ba, gurbin yana iya komawa ga wani.

To a nan ne maganar layi ta shigo, kuma ina roƙon ku ku saurara da kyau. Wannan saƙo ba ya tafiya sai daga layin da aka yi rajista da shi tun farko, wanda aka aika lambar NIN da shi aka karɓo lambar shiga. Layin nan shi ne igiyar da ta ɗaure yaro da JAMB. Mu kuwa kun san halinmu. Ɗan kasuwa yana da sim uku huɗu a aljihu, ya tsallaka Dan Isa ya cire MTN ya sa Airtel na Nijar ko Moov ko Zamani, na farkon ya faɗa cikin buhu ko ya zauna a aljihun rigar da aka ba wanki. Wani yaron ma da layin kawunsa direba aka yi masa rajista, kawu yana Agadas ko Legas. Wani da layin mai shagon kwamfuta, wanda ya yi wa yara ashirin a rana. Lambobin nan 55019 da 66019 na layukan Najeriya ne, ba za ka aika daga layin Nijar su amsa ba, kuma sai da ɗan kuɗi a layin, naira 50. Ga kuma wata: layin da ya daɗe a ajiye ba a kira ba a sa kati, kamfani yana iya rufe shi ya sayar wa wani. Sai a wayi gari saƙon gurbin ɗanka yana shiga wayar wani mai shayi a Fatakwal.

Maganin mai sauƙi ne. Layin JAMB a sa shi a ƴar ƙaramar waya ta musamman, a bar ta a gari inda sabis yake, a riƙa sa mata kati ko na naira ɗari ne lokaci-lokaci. In ya riga ya ɓata, wanda aka yi wa rajistar layin ya je ofishin kamfanin waya da kansa a dawo masa da shi, abin da ake ce wa walkam bak. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman JAMB ta sauya lamba. Haka imel da lambar sirri: a rubuta su a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardar gona. Kada a bar su a kan mai shago kaɗai.

Yanzu a ce duk wannan an yi, layi yana nan, sakamako an ɗora, fom ɗin tantancewa an cika, amma shiru. Kafin a tashi bibiya a fara yi wa kai adalci. A jami'o'in tarayya ana raba gurbi ne kashi uku: 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a baya wajen ilimin boko. Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, wato jihohin da ke bakin iyakar nan da maƙwabtansu, duk suna cikin wannan kashi na ƙarshe. Ma'ana ɗan Illela ko ɗan Maigatari da ya zaɓi Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Bayero, ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma ko Dutse, yana da ƙofa fiye da ɗaya. Amma ko a cikin kashin nan ma da maki ake jerawa. Yaro mai 185 da ya kafe sai likitanci, wallahi ko ya yi sawu goma ba bibiya ce matsalarsa ba, sauya kwas ne maganinsa, kuma JAMB tana ba da damar sauya kwas ko makaranta da kuɗi kaɗan. Wani lokaci jami'ar da kanta takan ce ba ka kai wannan ba amma ga wani, sai saƙon ya bayyana a CAPS yana jiran amincewar yaro. Yara da yawa ba sa ma buɗe wurin.

Ni a ganina, ɗan makiyayi da ya raina karatun dabbobi ya yi wa kansa. Akwai tsangayar likitancin dabbobi a Sakkwato da Zariya, akwai kwalejin tarayya ta lafiyar dabbobi a Vom ta jihar Filato, a Nijar ga makarantar raya karkara ta Kollo, ga tsangayoyin noma da kiwo a Yamai da Maraɗi, ga babbar makarantar likitocin dabbobi ta Dakar wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka haɗu a kanta. Yaron da tun yana shekara bakwai ya san saniya mai ciwon huhu daga tafiyarta, ya shiga ajin nan da abin da ɗan birni zai shekara bai koya ba. Wannan dai ra'ayina ne.

In kuwa makin yaro ya kai, to a je. Zuwa da kai ya fi aike. Ofishin da ake nema shi ne na ɗaukar ɗalibai, yana ƙarƙashin magatakardan jami'a. Yaron ne zai yi magana, uba ko yaya ya raka shi in ana so. A tafi da takarda gajera, da Turanci, wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba. Abin da za ta ƙunsa: cikakken suna kamar yadda yake a JAMB, lambar rajista, kwas ɗin da aka nema, makin JAMB da na tantancewa, jiha da ƙaramar hukuma, da lambar waya. Sai jimla biyu ko uku: na nema, na cika sharuɗɗa, har yau ban ga sunana ba, ina roƙon a duba mini, kuma in wannan kwas ya cika na yarda a ba ni kaza ko kaza. Wannan jimla ta ƙarshe tana buɗe ƙofa ƙwarai, don ta sauƙaƙa wa jami'in aiki. A haɗa da fotokofin takardu, na asali su tsaya a hannu. A yi kwafi biyu na wasiƙar, a ba da ɗaya, a roƙi a buga hatimi da kwanan wata a ɗayar a dawo da ita gida. Ɗan kasuwa ya san darajar wannan: kaya ba rasit, a shinge suke kwana.

Ba a cika takardar da kuka, ba a cewa mu talakawa ne a taimaka mana saboda Allah har shafi uku. Jami'in yana da ɗaruruwan irinta a gabansa, abin da yake nema lamba ce da maki. Ba a kuma bin sa gida, ba a kiran sa da dare. Man shanu da zabi a ajiye wa surukai. In an ba da takarda a ba su kamar mako biyu, sannan a koma da kwafin mai hatimi a tambaya cikin ladabi. Idan kuma yaro yana da hujjar cewa an ɗauki waɗanda ya fi maki a kwas ɗaya da kashi ɗaya aka tsallake shi, yana da damar kai ƙara JAMB. Tana da ofis a babban birnin kowace jiha, tana kuma da shafin karɓar koke a intanet inda ake ba ka lambar kokenka, ba a biyan ko sisi.

Dillalan gurbi kuwa, ga abin da ya kamata ku sani. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, a wajen hukuma babu shi. Yaro yana iya shiga aji, ya biya kuɗi shekara huɗu, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa a ce ba a san da shi ba. Wasu dillalan ma ba abin da suke yi illa leƙa jerin da zai fito ko da su ko ba su, in sunan yaro ya fito su ce aikinsu ne, in bai fito ba su ce sai an ƙara. A kara in dillali ya karɓi la'ada, ai kana ganin san da idonka. Wannan me ka gani? Kuɗin makaranta kuma ba a tura shi asusun mutum. Daga shafin makarantar ake ciro lambar biya a kai banki.

Mu tsallako Nijar. A nan bak ita ce mabuɗi, kuma hanyar ta fi miƙewa, sai dai takardu sun fi yawa. Ban da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram, wato Dan Dicko Dankoulodo, Djibo Hamani da André Salifou, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ga kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi ga masu karatun Larabci. Kowace tana fitar da sanarwar lokacin ajiye dosiye. Abin da ba ya rasuwa a ciki: takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar cin bak da ta makin bak, hotuna, da takardar nema da aka rubuta da hannu. Kofen kuma sai an kai meri ko kwamisariya an buga musu tambarin tabbatarwa. Takardar zama ɗan ƙasa daga kotu take fitowa kuma ba a rana ɗaya ba, don haka wanda ɗansa ke ajin ƙarshe na lise ya nemo ta tun kafin jarrabawa. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. In an ajiye dosiye a karɓi ƴar takardar shaida. In jerin sunaye ya fito babu yaro, ko an kai shi fannin da bai nema ba, ofishin sikolarite na tsangayar ake zuwa da wannan ƴar takarda da wasiƙa da Faransanci, a cikin kwanakin farko, tun ana karɓar gyara.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne ɗauka cewa rajista a jami'a ita ce neman bursi. A'a. Dosiye biyu ne, ofis biyu. Bursi yana hannun hukumar ANAB, kuma sai an nema. Makin bak yana da nauyi sosai a nan: daga 10 zuwa ƙasa da 12 shi ne passable, daga 12 assez bien, daga 14 bien, daga 16 très bien. Mai mansiyo mai kyau shi ke gaba wajen bursin ƙasashen waje irin na Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Irin waɗannan sanarwarsu takan zo da ƙurarren lokaci, ga fasfo ana nema, ga takardar likita. Yaron da ya fito da 14 ko fiye, a yi masa fasfo tun ba a ji sanarwa ba, ya fi a sayar da raƙumi a guje ranar da saura kwana uku. Wanda bai samu bursi ba yana iya neman taimakon da ake ce wa aide sociale. Kuma kowa ya sani bursi kan yi jinkiri, ko an ba yaro kada a sallame shi hannu rabbana, a haɗa masa guzurin watannin farko.

Sai babbar magana ta biyu, suna. Mu a bakin iyaka mutum ɗaya yana iya zama mutum uku a takarda. A lakwal an rubuta Mahamadou Ousseini, a katin NIN Muhammad Husaini, a WAEC kuma an ƙara sunan gari, Muhammad Husaini Jibia. A gida kuwa Bello ake kiran sa. Ranar haihuwa ma haka: yaron da aka haifa a mashekari ba a yi masa takarda ba sai da zai shiga makaranta, alƙali ya ƙiyasta shekara, can kuma wani mai kwamfuta ya sa masa 1 ga Janairu na wata shekarar daban. Mu a wurinmu duk shi ne. Kwamfuta kuwa ba ta san kawu ba ta san Arɗo ba, harafi ɗaya ya bambanta sai ta ce mutum biyu ne. Makiyayi ya fi kowa sanin wannan: saniyar da shaidarta ta saɓa da ta garke, sai an yi rantsuwa kafin a yarda taka ce. JAMB daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa, don haka a daidaita NIN da takardar sakandare tun kafin rajista. Gyara bayan an yi jarrabawa yana yiwuwa, ta hukumar katin ɗan ƙasa da takardar rantsuwa ta kotu a Najeriya, ko ta kotu a Nijar, amma yana cin lokaci, gurbi kuwa ba ya jira. Wanda yake da haƙƙin takardun ƙasashen biyu ta wajen uwa ko uba, ya tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. Wanda ba shi da shi kuma kada ya sayi takardar asalin ƙaramar hukuma ta bogi don neman tallafi. Ana bincikawa, kuma in an gano, gurbin ma yana iya tafiya.

Mai son tsallakawa da takardarsa, bak zuwa Najeriya ko WAEC zuwa Nijar, sai an daidaita darajarta. A Najeriya Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ke tantance takardun waje, a Nijar ofishin bak ne ke kula da daidaitawa, kuma akan buƙaci fassara daga tafinta mai rantsuwa. A tambayi jami'ar tun farko ko kuɗin ɗan waje za a biya, don ba ɗaya ba ne. Kuma kafin ku zuba kuɗi a makarantar kuɗi a kowace ƙasa, ku tambaya ko gida za a karɓi digirinta. Kun tuna a Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin ƴan makonni. Har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafa.

Game da tallafin karatu a Najeriya, a rarrabe abu uku, don ana cakuɗa su. Akwai tallafin jiha, wanda hukumar tallafin karatu ta jiharku ke ba ƴan asalinta, shi takardar ƙaramar hukuma da takardar gurbi yake so. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a cikinsa, amma bashi ne, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, kuma shi ma lambar JAMB da NIN da BVN yake tambaya, kun ga maganar suna ta sake dawowa. Sai na uku, tallafin ƙwazo, wanda ake ba wanda ya yi zarra. Na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, alal misali, ba a neman sa sai an shiga shekara ta biyu, kuma ana son matsakaicin maki 4.0 cikin 5.0. Ku lura da abin da wannan ke nufi: shekarar farko ce ke yanke hukunci. Uban da ke kiran yaro gida kowane mako biyu, yau a kai shanu kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, gobe a tsare shago ran Alhamis ta Maigatari, da hannunsa yake zubar da tallafin. Ƴaƴa mata ma haka, kuma ƙofar nan a buɗe take gare su daidai da maza.

Akwai na ƙasashen waje da ɗan Nijar da ɗan Najeriya duk za su iya nema kai tsaye ta intanet. Na gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi tsakanin Janairu da Fabrairu kowace shekara. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21, makinsa ya kai 70 cikin ɗari, mai son likitanci 90. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana da nasa. Irin waɗannan sukan ce yaro ya rubuta dalilin da ya sa yake son karatun. A nan ne ƴaƴanmu ke cutar kansu, su je shago a kwafo musu wasiƙar da aka kwafa wa mutum ɗari. Masu dubawa sun gaji da ganin ta. Yaro ya faɗi nasa: a makarantar makiyaya ya fara, rijiyar garinsu gaba nawa ce, wace cuta ce ta kashe musu tumaki, me yake son ya koyo a kai. Ya rubuta da kansa, malaminsa ya gyara masa harshe. Takardar shaida daga malami kuma a nemi wanda ya koyar da yaron da gaske, a ba shi lokaci, kada a tsare shi ana gobe rufewa.

Duk waɗannan neman su kyauta ne. Saƙon WhatsApp da ya ce an zaɓi ɗanka, turo jika biyar ko naira dubu goma na fom, ko turo lambar sirrin katin banki, ɓarawo ne, a goge. Bibiyar tallafi kuma ba ta son gaggawa: a adana lambar nema, a riƙa buɗe imel aƙalla sau biyu a mako don kiran ganawa ta nan yake zuwa, in lokacin da suka ɗiba ya wuce a aika tambaya gajera da lambar. In ba a dace bana ba a sake nema baɗi, ba a hana ba.

Abu na ƙarshe da muka tsaya a kai a shirin shi ne lokaci. Duk wannan hidima tana faɗowa ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da garke ya yi arewa, wasu har Ingal wajen bikin gishiri a watan Satumba, inda sai an hau tudu ake samun sabis. Ɗan kasuwa kuma yana hanya. Saboda haka kowane gida mai ɗan jarrabawa ya naɗa wakili ɗaya a gari, mai karatu, mai amana, a bar masa wayar nan da kofen takardu, ya riƙa leƙa shafin yaro da allon sanarwa duk mako. In da hali ma a bar yaron kansa a gari wannan daminar, a nemi wani ya bi shanun. Dabbar da aka ware don karatu kuwa kada a kai ta kara sai an ga sunan yaro a CAPS an ciro takarda, ko an ga sunansa a jerin tsangaya. Kuɗin rajista da na ɗaki a lokacin ake buƙatar su, kuma su ma da wa'adinsu.

A shiri na gaba za mu ɗauko maganar masauki da kuɗin rajista a ɓangarorin biyu. Mai tambaya ya bugo da takardun yaro a gabansa don mu gane inda abin ya tsaya, amma kada kowa ya karanto lambar rajista ko lambar sirri a iska, ba mu kaɗai ke saurare ba. Mu kwana nan, a gai da mutanen ruga.